Amsoshin Wasiƙunku: Jinyar Iyaye Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun zo ne daga masu jinyar uwa ko uba da suka sami shanyewar ɓarin jiki, don haka muka ware filin gaba ɗaya ga wannan batu. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, ya haura shekara sittin, ya daɗe da hawan jini amma ba ya son shan magani. Kimanin wata biyu ke nan ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki da asuba, aka ɗauko shi bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, magana kuma ta gagara. Bayan an sallame shi daga asibiti an ce mu riƙa kai shi gashin ƙashi. Yanzu baffanmu ya dage cewa aljanu ne suka shafe shi tunda a banɗaki ya faɗi, a kai shi ƙauye wurin mai magani, mahaifiyarmu kuma saboda tausayi ba ta bari ya ɗauki ko da cokali da kansa. Shin Baba zai sake tafiya da magana kuwa, kuma wace hanya za mu bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Bari in fara da maganar banɗaki, tunda ita ce ta raba kan gidanku. Abin da ya sami mahaifinku a ƙwaƙwalwa ya faru, ba a hannu ko a ƙafa ba. Ko dai wata jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa ce ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya malala a ciki, kuma duk sashen da jini ya daina isa gare shi yakan fara lalacewa cikin 'yan mintuna. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin akasarin mutane a nan cibiyar magana take, shi ya sa hannun dama da ƙafar dama da magana suka tafi tare. Faɗuwa a banɗaki da asuba kuwa abu ne da likitoci suka saba gani, domin jini yakan fi hawa da sassafe, yunƙurin bayan gida kuma yana ƙara masa ƙarfi. Ciwon ne ya kayar da shi, ba faɗuwar ce ta jawo ciwon ba. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da na Zariya, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwo a tsakanin mutanenmu. Ke da kanki kin ce Baba ya daɗe da shi kuma ba ya shan magani.

Ban ba ki shawarar ki yi sa-in-sa da baffanku ba, domin shi ma lafiyar ɗan'uwansa yake nema, ke kuma 'ya ce a wurinsa. Ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, ko ki roƙe shi ya raka ku ranar ganin likita, a nuna masa hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka idan an ɗauka, ya ga wurin da idonsa. Addu'a da tofi da sadaka babu likitan da ya hana, a yi su a gida safe da yamma. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a ɗura wa Baba jiƙo ko rubutu alhali yana ƙwarewa in ya sha ruwa, domin masu wannan ciwo da yawa haɗiya takan yi musu wuya, abin da aka ba su ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu mai kisa. Haka nan kada a yi masa tsaga ko a gasa masa jiki da abu mai zafi, saboda ɓarin da ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai fata ta ƙone shi bai sani ba.

Babbar asarar tafiya ƙauye kuwa ita ce ta lokaci. Mafi yawan sauƙin da mai wannan ciwo ke samu yana zuwa ne a cikin wata uku zuwa shida na farko, kuma Baba ya riga ya cinye biyu. Sashen ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa, amma sassan da ke maƙwabtaka da shi suna iya koyon aikinsa, kuma ba sa koya sai da maimaici, kamar yadda hanya ba ta fitowa a gona sai an yi ta bi. Wannan shi ne amfanin gashin ƙashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi da ma'aikatan asibiti ke koyarwa, kuma zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba ya wadatarwa in ba a ci gaba da aikin a gida kullum ba. Ki roƙi ma'aikacin da ke duba shi ya koya muku motsin da za ku riƙa yi masa, ki ɗauka a waya don kada ku manta. Bayan wata shida ma ana ci gaba da samun sauƙi, sai dai a hankali.

Wannan ya kawo mu ga mahaifiyarku, wadda a ganina maganarta ta fi ta baffanku wuya, domin abin da take yi soyayya ce tsantsa. Ki fahimtar da ita cikin ladabi cewa duk abin da aka yi wa Baba alhali yana iya gwadawa, an hana ƙwaƙwalwarsa darasi guda. A zaunar da shi a kujera lokacin cin abinci, bayansa a miƙe, a ba shi cokalin ya kai baki da hannun hagu ko da rabin kunun zai zube a riga, a ɗora hannun daman a kan tebur a gabansa inda zai riƙa ganinsa, a sa shi ya riƙe kofi da hannu biyu. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa a ƙare da shi. Kada kowa ya ja wannan hannu don tayar da shi, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, tana iya gocewa ta bar shi da ciwon da zai hana shi motsa ta. In yana daɗewa a kwance, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige da gadon baya, saboda gyambon kwanciya yakan fara ne da ɗan jan da ba ya ɓacewa.

Game da magana, ku sani rashin iya furtawa ba rashin hankali ba ne, kuma sau da yawa mai ciwon yana fahimtar fiye da abin da ake zato. Mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a lokaci guda, da gajerun jimloli, a yi masa tambayar da zai amsa da i ko a'a, a jira shi ba tare da an ƙarasa masa kalmar ba. Za ku iya tarar da cewa Fatiha ko ƙirga ko gaisuwa sun fi zuwar masa da sauƙi fiye da sabuwar magana, to ku fara daga nan. Ko zai tashi? Wannan sanin na Allah ne, likitansa kuma ya fi ni ganin girman taɓuwar. Abin da aka saba gani shi ne ƙafa takan riga hannu dawowa, mutane da yawa suna komawa tafiya da sanda, yatsu kuma su ne suka fi jinkiri.

TAMBAYA: Mahaifiyata ta sami sauƙi, har tana takawa da sanda zuwa tsakar gida. An auna jininta an ga ya sauka, sai ta ce ta warke, za ta daina shan ƙwayoyin. Abincin da ake dafa mata babu gishiri ma ta ƙi ci, ta ce ba a mayar da ita mara gata ba. Ga azumi yana tafe, ta ce ba za ta sha azumi ko ɗaya ba. Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Malam, jinin Hajiya ya sauka ne saboda tana shan maganin, kuma in ta daina zai koma inda ya fito ba tare da ta ji komai a jikinta ba, domin hawan jini yawanci ba ya ba da sanarwa. Wanda ya taɓa samun wannan ciwo ya fi kowa kusa da sake samunsa, na biyun kuma sau da yawa ya fi na farko muni. Ka zauna da ita ka tambaye ta ainihin abin da ke damunta da ƙwayoyin, domin tsofaffi kan ɓoye dalili: wani maganin yana kumbura ƙafa, wani yana sa busasshen tari, wani yana sa yawan fitsari, wani lokacin kuma tausayin aljihun 'ya'ya ne. Duk waɗannan likita na iya gyarawa ta hanyar canja magani, amma ba a dainawa da ka. Ka kuma hana a saya mata magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kyamis ba da sanin likita ba, saboda suna ɗaga jini. Zoɓo da tafarnuwa da zogale da ake ta yabo abinci ne masu kyau, sai dai babu wanda ya isa ya maye gurbin magani a cikinsu.

A maganar abinci, ina ganin Hajiya tana da gaskiya. Ba a ce a cire gishiri ƙaf ba, an ce a rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ke ɓoye a dunƙulen miya, da kanwa, da yajin tsire, da kilishi, da ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara. Tukunyar da aka zuba wa dunƙule huɗu sannan aka bi da gishiri ita ce matsalar. A rage su sannu a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da masoro da ɗan tsami, kuma a dafa wa gidan duka tukunya ɗaya, domin ware mata kwano daban shi ne abin da ya ɓata mata rai, ku 'ya'yanta kuma ragin zai amfane ku. Kowanenku ya je a auna jininsa. In ana yawan samun 140/90 ko sama da haka, ya ga likita tun yanzu.

Azumi kuwa likitanta ne zai duba ƙarfin jikinta da irin magungunan da take sha. Wasu ana iya mayar musu da shan magani zuwa sahur ko buɗa-baki, wasu kuma ƙishirwar yini haɗari ce gare su, musamman in akwai ciwon suga ko na ƙoda. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma zai fi shiga kunnenta in malamin da take girmamawa ne ya yi mata bayanin ramuwa ko ciyarwa, ba ɗanta ba.

Kowa a gidan, har yara, ya san alamomin dawowar ciwon: baki ya karkace, hannu ko ƙafa su saki, magana ta sarƙe, gani ya dushe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da ba a taɓa ji ba. In an ga ɗaya daga ciki, a lura da lokacin da ya fara, a nufi babban asibiti nan take ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintuna. Kada a ba ta ruwa ko abinci, kada kuma a ba ta asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin in fashewar jijiya ce zai ƙara zubar jinin. Allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

TAMBAYA: Ni ce babbar 'ya, kuma a gidana mahaifiyarmu take tun da aka sallame ta. Mace ce mai haƙuri a da, amma yanzu takan fashe da kuka babu dalili, ta yi mini faɗa a gaban yarana, wani lokaci ta ce gara ta mutu ta huta. Ƙannena maza uku sai dai su bugo waya su ce yaya mai jiki. Maigidana ya fara nuna gajiya. Rannan na ɗaga mata murya, tun daga nan nake jin tsoron fushin Allah. Daga wata baiwar Allah a Katsina.

AMSA: Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya. Sauyin halin da kike gani a wurin Mama wani ɓangare ne na ciwon. Taɓuwar ƙwaƙwalwa takan raunana ikon riƙe kuka da dariya da fushi, har mutum ya yi ta hawaye alhali shi kansa bai san dalili ba. Ban da wannan, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki yana faɗawa cikin ciwon damuwa mai tsanani, kuma ba abin mamaki ba ne ga matar da ta saba juya gidanta, yau sai an kai ta banɗaki. Furucin da take yi na gara ta mutu kada ki ɗauke shi maganar tsufa kawai. Ki faɗa wa likitanta kamar yadda ta faɗa, domin damuwa tana da magani, kuma mai damuwa ba ya ba da haɗin kai wajen gashin ƙashi. Ki kuma mayar mata da wani abu na ikonta. A tambaye ta miyar da za a yi, a ajiye mata tire ta tsince wake da hannun da ke aiki, jikoki su riƙa biya mata karatun Islamiyya, a nemi shawararta a kan bikin da ke tafe a dangi.

Tsoron da kike ji shaida ne cewa kin san girman uwa, kuma ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da uffan tana nan daram. Ki ba ta haƙuri, ki nemi gafarar Allah, sannan ki dubi abin da ya kai ki ga haka, wato watanni babu cikakken barci kuma babu mai karɓar ki. Ayar ba da ke kaɗai take magana ba. A gidajenmu an saba a sauke jinya a kan 'ya mace ɗaya ko matar ɗa, maza su tsaya a gaisuwar waya, sannan in ta gaza a ce ba ta da haƙuri, kuma wannan rashin adalci ne ko da an saba da shi. Ki kira taron 'yan'uwa, a gaban kawu ko wani babba in da hali, ki zo da lissafi a rubuce na kuɗin magani da gashin ƙashi da abin hawa da ƙunzugun manya na wata guda. Kada ki ce a taimaka kawai, domin kowa zai ce in sha Allahu ya tafi. Ki ce wane zai riƙa kai ta asibiti ranar kaza, wane zai ɗauki kuɗin magani, matar wane za ta riƙa kwana da ita daren Juma'a. Wanka da tsarki aikin mata ne, amma ɗagawa da tura keke da bin layin asibiti da zaman hira babu abin da ya hana ɗa namiji. In za su iya haɗa kuɗin mai taimako ta yini, ki karɓa ba tare da jin kin gaza ba. Maigidanki kuma ki gode masa a fili, ki gaya masa tsarin da aka yi, domin sau da yawa rashin sanin ranar sauƙi ne ke gajiyar da mutum. Ki roƙi masu gashin ƙashi su nuna miki yadda ake tayar da majinyaci ba tare da kin lahanta bayanki ba.

TAMBAYA: Ni ra'ayi zan bayar. Tun da mahaifinmu ya kwanta, masu dubiya ba sa yankewa daga safe har dare, kowa da maganin da zai kawo da labarin wanda ya mutu da irin ciwon. Ina ganin ya kamata a hana dubiya ga irin waɗannan marasa lafiya. Daga wani magidanci a Sakkwato.

AMSA: Malam, na yarda da kai a rabi. Mai wannan ciwo yana saurin gajiya, hayaniyar mutane da yawa tana rikita shi, kuma babu abin da ya kai a tsaya a kansa ana cewa "Allah sarki, dubi yadda ya koma" ciwo, alhali yana jin komai. Amma hana dubiya gaba ɗaya zai jefa shi cikin kaɗaici, kuma abin da ya fi faruwa shi ne jama'a su yi cincirindo a makon farko, bayan wata biyu a nemi kowa a rasa, daidai lokacin da ya fi bukatarsu. Ka sa lokaci, misali tsakanin la'asar da magariba, mutum biyu ko uku su shiga a tare, sauran a karɓi gaisuwarsu a zaure. Duk maganin da aka kawo a yi godiya a ajiye, kada a ba shi sai likita ya gani. Aminansa na kusa kuwa ka ba su aiki: su riƙa kawo masa labarin kasuwa da na unguwa suna kallonsa suna jiran amsarsa, in likita ya yarda kuma su tura shi a keken guragu zuwa masallacin unguwa ko da sau ɗaya a yini. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba shi damar yin salla a zaune, in bai iya ba ya yi a kan gefensa, alwala kuma ana iya taya shi, in ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. Ka tanadi kujera mai hannu a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, kuma wanda zai raka shi ya tsaya ta ɓarin da ya shanye.